Yaron Da Ba Ya Rabuwa Da Ciwo: Labarin Wani Ɗan Aike A Cikin Jini



Kwanakin baya, bayan an tashi daga karatun matan aure, wata baiwar Allah ta tsaya sai da kowa ya watse, sannan ta matso ta ce, "Malama, ina da tambaya, amma ba ta karatu ba ce." 'Ya'yanta mata uku ƙalau suke, ko mura ba ta cika kama su ba. Namijinta na fari ya rasu yana da shekara biyu, bayan ciwon haƙarƙari ya kwantar da shi har sau uku. Yanzu ga na biyu goye a bayanta, watansa goma sha huɗu, kunnensa na zubar da ruwa tun yana wata bakwai. A sha magani ya tsaya, bayan sati uku ya dawo. Da na tambaye ta labarin ɗakinsu sai ta yi shiru, can ta ce ai su ma maza biyu aka binne suna ƙanana, matan ne suka rayu. Dangin miji har sun fara magana. Wasu sun ce wabi take yi, wasu sun ce nononta ne ba shi da kyau, wata kuma ta ce a bincika ko akwai maye a unguwar.

Ni ba likita ba ce. Abin da na iya gaya mata shi ne ta kai yaron babban asibiti wurin likitan yara, ta kuma ba da labarin 'yan uwanta maza kamar yadda ta ba ni, kada ta rage komai. Amma maganarta ta tsaya mini a rai, domin na san ba ita kaɗai ba ce.

Bari in fara da faɗin gaskiya don kada in tayar miki da hankali a banza. Mafi yawan yaran da ke yawan ciwo a ƙasarmu, dalilinsu sananne ne: zazzaɓin cizon sauro, tamowa, sikila, tarin fuka, ƙanjamau, ko raunin da ƙyanda ke bari bayan ta wuce. Waɗannan likita zai fara dubawa, kuma daidai ya yi. Sai dai akwai wani zubi na daban, wanda idan ya haɗu bai kamata a wuce shi ba: maza kawai abin ke kamawa, ta ɓangaren uwa yake biyowa, kuma jariri yakan yi wata shida na farko lafiya lau kafin ciwo ya fara sallama. Wannan zubin likitoci sun san shi tun 1952, kuma tushensa wani ɗan ƙanƙanin abu ne a cikin fararen ƙwayoyin jini.

Makarantar da ke cikin ɓargo

Kin san ɓargon nan da yara ke rigima a kansa idan an sa ƙashi a miya. To a cikin irinsa ake yin jinin mutum. A jikin babba, ƙashin ƙugu da na ƙirji da haƙarƙari da gadon baya su ne manyan masana'antun. Jajayen ƙwayoyi suna ɗaukar iskar da muke shaƙa su rarraba ta. Farare kuwa su ne masu gadi. A ɗigon jini mai girman kan allura, baligi mai lafiya yana da farare tsakanin 4,000 zuwa 11,000.

Fararen nan ba iri ɗaya ba ne. Mafi yawa a jinin babba su ne nitrofil, waɗanda ke rugawa inda aka ji ciwo su haɗiye ƙwayar cuta su mutu a wurin. Mugunyar da kike matsewa daga maruru, galibinta gawarwakinsu ne. Rayuwarsu gajera ce ƙwarai, shi ya sa ɓargo ke fitar da kimanin biliyan 100 nasu kowace rana. Sai kuma limfosait, masu dogon tunani, waɗanda suka kasu gida biyu: ƙwayoyin T da ƙwayoyin B. Yau a kan B za mu tsaya, domin su ne ke ƙera antibodi, wato sinadaran da ke yawo a jini suna manne wa ƙwayar cuta, su yi mata shaida don masu haɗiya su gane ta.

Sunan B ɗin ma daga kaza aka samo shi, abin dariya. A kusa da duburar ɗan tsako akwai wata 'yar jaka da masana ke kira bursa. Wani ɗalibi a Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka, Bruce Glick, ya cire wa wasu 'yan tsaki wannan jaka don ya ga amfaninta, bai ga wani canji ba, kaji suka girma abinsu. Sai abokinsa Timothy Chang ya ari kajin don ya nuna wa ɗalibai yadda jiki ke yin antibodi. Darasi ya ƙi yiwuwa, kajin da aka cire wa jaka suka kasa. A 1956 suka buga abin da suka gani a wata mujallar kiwon kaji, inda likitoci ba su cika leƙawa ba. Sai a 1965 wani likitan yara, Max Cooper, ya tabbatar da cewa limfosait gida biyu ne, kowanne da inda yake samun tarbiyya. Mu mutane ba mu da jakar kaza, ɓargo ne ke yi mana wannan aiki.

Na ce tarbiyya, kuma da gangan na faɗa. Ƙwayar jini ba ta fitowa daga ɓargo da iyawarta. Tana farawa ne a matsayin ɗanyar ƙwaya wadda ba ta san komai ba, sai ta bi mataki bayan mataki, a kowane mataki kuma sai an ba ta izini kafin ta wuce. Kamar yaro ne a makarantar allo, ba ya wanke allonsa ya yi sabon rubutu sai malam ya ji karatunsa ya ce ya wanke. Tambayar ita ce, ta yaya izinin ke isa ga ƙwayar?

Daga zaure zuwa ƙuryar ɗaki

Ki ɗauki ƙwayar a matsayin gida irin namu. Tana da katanga, tana da zaure, can ciki kuma akwai ƙuryar ɗaki inda aka adana littafin gado, wanda a cikinsa aka rubuta duk abin da ƙwayar za ta iya zama. Baƙo idan ya zo da saƙo ba ya kutsawa cikin gida. A zaure yake tsayawa ya yi sallama, sai yaro ya fito ya karɓi saƙon, ya shiga ya gaya wa yayarsa a tsakar gida, ita kuma ta kai wa uwargida a ɗaki. Idan babu yaro a gidan, ko yana nan amma kurma ne, baƙo zai gaji da sallama ya tafi, uwargida ba ta ma san an zo ba.

Waɗannan 'yan aike na cikin ƙwaya su ne ake kira kainas. Suna cikin dangin enzayim, wato sinadaran furotin da ke sa aiki ya gudana da sauri a jiki, irin wanda ke cikin yawu yana narkar da tuwo tun a baki. Aikin kainas guda ɗaya ne tak: ya ɗauki wani ɗan guntun sinadari mai suna fosfet ya liƙa wa furotin na gaba. Da zarar an liƙa masa, sai siffarsa ta sauya, ya farka, shi ma ya taɓa na gabansa, har saƙo ya isa ƙurya. Akwai kuma wasu enzayim da aikinsu cire fosfet ɗin ne, domin kada saƙo ya yi ta maimaituwa bayan an riga an ji. Wasu masana biyu a birnin Siyatil na Amurka, Edmond Fischer da Edwin Krebs, su suka gano wannan dabara ta liƙawa da cirewa a tsakiyar shekarun 1950, aka ba su kyautar Nobel a 1992. Da aka gama karanta littafin gadon ɗan Adam, lissafin da aka buga a 2002 ya nuna muna da kainas iri 518.

Kusan kowane mataki na girman fararen ƙwayoyi yana rataye a wuyan ɗaya daga cikinsu. Idan cuta ta shiga jiki, saƙo kan tafi ɓargo cewa a ƙaro nitrofil, 'yan aike na dangin JAK su ke shigar da shi, shi ya sa likita kan ga adadin farare ya hau a gwajin mai zazzaɓi. Ƙwayoyin T suna da nasu. Ƙwayoyin B kuwa, a tsakiyar karatunsu akwai wata jarrabawa mai tsanani, kuma a nan labarinmu yake.

Antibodi siffarsa kamar gwafa ce mai baki biyu, an haɗa shi da sarƙa huɗu, biyu manya biyu ƙanana. Cututtuka a duniya ba su ƙirguwa, don haka babu yadda za a rubuta wa kowace nata antibodi tun daga haihuwa. Hikimar da Allah ya yi ita ce, kowace ƙwayar B tana yanka wasu sassa na littafin gadonta ta sake ɗinke su ta hanyar da ta bambanta da ta maƙwabciyarta, kamar mai haɗa zanen gado da ragowar atamfa, kowane da irin nasa. Wani masani ɗan Japan, Susumu Tonegawa, shi ya nuna haka a 1976. Sai dai ɗinkin ba da awo ake yin sa ba, wajen biyu cikin uku lalatacce yake fitowa. Saboda haka da ƙwaya ta gama babbar sarƙa, sai ta fito da ita bakin zaure don gwaji. Idan sarƙar ta zauna daidai, sai saƙo ya tashi zuwa ciki cewa an ci, a hayayyafa, a fara ƙaramar sarƙa. Saƙon yana bi ta hannun 'yan aike uku zuwa huɗu, ɗaya daga cikinsu shi ne BTK. Ƙwayar da ba ta ji wannan saƙo ba, a nan karatunta ke tsayawa, ta mutu a cikin ɓargo.

To ki duba abin tausayi. A jikin yaron da aka haifa ba shi da BTK mai aiki, ƙwayoyin suna yin ɗinkinsu daidai, sarƙa ta zauna, amma ba mai shigar da labari. Duk ajin sai ya faɗi, da mai ƙoƙari da mara ƙoƙari. A jinin mai lafiya, ƙwayoyin B sun kai wajen kashi 10 cikin 100 na limfosait ko fiye. A jinin wannan yaro ba su kai kashi 2 ba, sau da yawa ma babu ko ɗaya. Babu B, babu antibodi.

Yaron Walter Reed

Kanar Ogden Bruton likitan yara ne a asibitin sojoji na Walter Reed da ke Washinton. Akwai wani yaro ɗan shekara takwas da ya gaji da gani: a cikin shekara huɗu, sau 19 ƙwayar cuta na shiga jininsa ta kwantar da shi, kuma sau da yawa iri ɗaya ce, wadda ke kawo ciwon haƙarƙari. A ba shi fenisilin ya warke, ba da jimawa ba a sake kawo shi. Bruton ya yi masa allurar rigakafi, ya duba, jikin bai yi antibodi ba. A lokacin asibitin ya samu wata sabuwar na'ura mai rarrabe furotin ɗin jini da wutar lantarki, kowane kashi ya tsaya a layinsa. Da aka sa jinin yaron, sai aka ga layin da ake kira gama-gulobulin, inda antibodi ke taruwa, fayau babu komai.

Abin da ya burge ni da likitan nan shi ne bai tsaya a mamaki ba. Ya ce tunda jikin yaron ba ya yi, bari a ara masa na wasu. Ya riƙa yi masa allurar gama-gulobulin da aka tace daga jinin masu lafiya, sau ɗaya a wata, a ƙarƙashin fata. Yaron da ba ya yin wata uku bai kwanta ba, sai ga shi ya yi wata 14 cutar ba ta sake shiga jininsa ba. A 1952 Bruton ya buga wannan labari, cutar kuma ta ɗauki sunansa. Amma dalilinta sai da aka yi shekara 41 ana nema. A 1993 ƙungiyoyin masana biyu, ɗaya a Turai ɗaya a Amurka, suka gano ɗan aiken da ya ɓata, aka sa masa suna BTK, harafin farko na Bruton ne.

Ɗan aike yakan ɓaci ta wata fuskar kuma, ya zama mai surutun da ba ya shiru. Akwai wata sankarar jini da ta fi kama manya, mai kumbura saifa, wadda ke faruwa idan gutsuren kundin gado na 9 da na 22 suka yi musanya, suka haifar da kainas ɗin da kullum yake cewa "a ƙaro, a ƙaro" ba tare da kowa ya aike shi ba. Ɓargo ya yi ta zubo fararen ƙwayoyi har su yi yawa, idan aka bar ta kuma daga baya sai su daina nuna gaba ɗaya. A 2001 aka amince da ƙwayar magani mai suna imatinib, wadda ke toshe bakin wannan ɗan aike, cutar da a da take kisa cikin 'yan shekaru ta koma wadda ake rayuwa da ita ana shan magani. A Najeriya an fara ba da shi a asibitin koyarwa na Ile-Ife a 2003. Shi kansa BTK, a 2013 aka fito da maganin da ke rufe masa baki da gangan, don masu sankarar ƙwayoyin B. Abin da rashinsa ke kwantar da yaro, shi ne toshe shi ke ceton dattijo.

Me ya sa maza, me ya sa ta wajen uwa?

Nan ne wurin da nake so ki nutsu, domin nan ake zaluntar mata. Littafin gadon mutum yana cikin kundi 46, rabi daga uwa rabi daga uba. Biyu daga ciki su ke raba jinsi: mace tana da X biyu, namiji yana da X ɗaya da Y ɗaya. Rubutun BTK a kan X yake. Mace idan ɗayan X ɗinta ya samu kuskure, tana da na biyu da zai rufa mata asiri. A cikin ɓargonta, ƙwayoyin da suka dogara da X mai kuskure suna faɗuwa jarrabawar nan, masu dogara da lafiyayyen su wuce su cika mata jini. Shi ya sa take ƙalau, ba ta da wata alama ko kaɗan. Namiji kuwa X ɗinsa ɗaya ne, daga mahaifiyarsa ya samo shi, ba shi da na canji.

Idan mace tana ɗauke da shi, kowane ɗa namiji da za ta haifa rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira. Kowace 'ya mace ma rabi da rabi ne, ko ta zama mai ɗauke da shi kamar uwarta ko ta fita fes. Kuma kowane ciki lissafinsa daban, kamar jefa kwabo sama. Don an samu biyu a jere ba ya nufin na uku zai samu, ba ya kuma nufin zai tsira. Namijin da ke da cutar idan ya girma ya yi aure, 'ya'yansa maza duk sun tsira, matan kuma duk masu ɗauke da shi ne. Yara da yawa ma babu wani tarihi a danginsu, kuskuren a kansu ko a kan mahaifiyarsu ya fara.

Na san abin da wata uwar miji za ta ce idan ta ji wannan: "To ai ga shi, daga wajenta ne." Ni kuwa sai in ce, Hajiya, wa ya zaɓi abin da zai gada? Yarinyar nan ba ta ci wani abu ba, ba ta taka wani abu ba, ba ta yi sakaci ba. Yadda ta gaji hancin kakarta haka ta gaji wannan. Kuma in dai lissafin laifi za a yi, ai maniyyin uba ne ke kawo X ko Y, shi ke sa ciki ya zama namiji. Babu mai laifi a cikinsu. Amfanin sanin hanyar gadon shi ne a faɗakar da 'yan uwanta mata, na ciki ɗaya da 'ya'yan innarta, domin idan sun haifi namiji a gwada shi tun kafin ciwo ya fara.

Wannan cuta ba auren zumunci ke kawo ta ba. Amma tana da 'yan uwa da auren zumunci ke ƙara wa ƙarfi, inda sai yaro ya gaji kuskuren daga uwa da uba duka biyu, kuma su ba sa bambanta mace da namiji. Misali shi ne rashin ɗan aike JAK3, wanda aka gano a 1995. Shi ƙwayoyin T yake hana girma, jariri ya fara ciwo mai tsanani tun a watannin farko, kuma maganinsa dashen ɓargo ne.

Batun nono kuwa, akasin abin da ake faɗa ne. A watanni uku na ƙarshen ciki, uwa tana zuba wa ɗanta antibodi nata ta mabiyiya, ya fito duniya da guzuri. Dakashi da nono kuma suna ƙara masa wani iri mai gadin hanji. Guzurin nan na jini yana raguwa a hankali, wajen wata shida ya kusa ƙarewa, lokacin da jikin yaro ya kamata ya karɓi aiki. Wato lafiyar da jaririn ya yi a watannin farko, ta uwarsa ce ya ara. Matar da ake zargi ita ce ta riƙe shi har zuwa nan.

Abin da za ki lura da shi

Cutar ba ta da yawa, kimanin namiji ɗaya ne cikin 200,000. Amma ki tuna yawan haihuwar da ake yi a ƙasar nan, sannan ki tuna cewa yaron da ba a gane ba, ciwon haƙarƙari ko sanƙarau za a ce ya kashe shi, a rufe magana.

Wata gidauniya a Amurka mai suna Jeffrey Modell, wadda wasu iyaye suka kafa a 1987 bayan rasuwar ɗansu, ta yaɗa alamomin da ya kamata su sa a binciki garkuwar jikin yaro. Daga ciki akwai ciwon kunne sabo sau huɗu ko fiye a shekara ɗaya, ciwon haƙarƙari sau biyu a shekara, shan maganin kashe ƙwayar cuta har wata biyu ba wani sauƙi, ciwon da ba ya jin magani sai an yi ta jijiya, maruru masu zurfi da ke ta dawowa, rashin ƙiba da girma, da kuma tarihin irin haka a dangi. Masu ciwon Bruton sukan haɗa da gudawa mai naci, wani lokaci da kumburin gwiwa.

Akwai wata alama da ke ɓoye saboda rashi ce, ba ƙari ba. Yaro mai lafiya idan yana ciwon kunne ko maƙogwaro, za ki shafa wuyansa ki ji kaluluwa, idan ya buɗe baki kuma ki ga tsokar nan biyu ta gefen maƙogwaro, tonsil, ta yi jawur. Waɗannan wurare ƙwayoyin B ne ke cika su. Yaron da ba shi da B, duk yawan ciwonsa ba ya kaluluwa, tonsil ɗinsa kuma ƙanana ne ƙwarai ko babu. Uwa takan ɗauka alheri ne.

Ki sani kuma, gwajin jini na yau da kullum da ake ƙirga farare yana iya fitowa lafiya, domin sauran ƙwayoyin suna nan, su suka fi yawa. Gwajin da ke nuna matsalar shi ne auna antibodi kansu, waɗanda za ki ga an rubuta IgG da IgA da IgM, sannan a ƙirga ƙwayoyin B. Inda wannan ya yi wuya, likita na iya samun haske daga gwajin hanta da aka saba yi, ya cire albumin daga jimlar furotin, idan abin da ya rage ya yi ƙasa sosai sai ya tura ku gaba. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri duk suna da sashen yara, can ya kamata a nufa. 'Yan uwanmu na Nijar kuma sai babban asibitin Yamai ko na Damagaram.

Magani har yau dabarar Bruton ce, sai dai an inganta ta. Ana tace antibodi daga jinin dubban masu ba da gudummawa, a ƙara wa yaro ta jijiya kamar ƙarin ruwa duk sati uku zuwa huɗu, ko a ƙarƙashin fata duk sati. Dole a riƙa maimaitawa har tsawon rai, domin antibodi na aro rabinsa ke ƙarewa cikin kimanin sati uku. Ba zan ɓoye miki ba, yana da tsada, kuma ɗawainiya ce da ta fi ƙarfin gida ɗaya, sai dangi sun sa hannu. Amma yaran da aka fara wa da wuri suna zuwa makaranta, su girma, su yi sana'a, su yi aure. Ko kafin a samu wannan, sanin sunan ciwon kaɗai yana canza abubuwa, domin likita zai daina jira, ya ba da magani mai ƙarfi da wuri kuma na tsawon kwanaki, wani lokaci ma ya ɗora yaron a kan na kariya kullum. Abin da ake tsere da shi shi ne huhu. Kowane ciwon haƙarƙari yana barin tabo, idan suka taru sai hanyoyin iska su buɗe su saki, majina ta riƙa kwanciya a ciki, kuma wannan ɓarnar ba ta gyaruwa ko an fara magani daga baya.

Sai maganar rigakafi, kuma ina roƙon ki karanta ta da kyau kada a juya mini zance. Rigakafi darasi ne da ake koya wa ƙwayoyin B, yaron da ba shi da su ba zai ɗauki darasin ba. Ɗigon shan inna na baki kuma ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana, lafiyayyen yaro yana murƙushe ta ya samu kariya, amma wanda likita ya tabbatar yana da ciwon Bruton ba a ɗiga masa, kuma likita zai faɗi yadda za a yi da sauran yaran gidan. Wannan hukunci na wanda aka gwada ne aka tabbatar, ba na wadda ta ga ɗanta na mura ta yanke wa kanta ba. Hasali ma yaron da ba shi da garkuwa, rigakafin 'ya'yan maƙwabta ne katangarsa. Idan su ba su ɗauko cuta ba, ba mai kawo masa.

Kafin ki je asibiti, ki sayi ƙaramin littafi na rubutu. Duk ciwon da yaron ya yi ki sa ranar da ya fara, inda ya kama shi, sunan maganin da aka ba shi da kwanakin da ya sha, har da wanda aka sayo a kemis ba tare da likita ba. Ki ajiye katunan asibiti da takardun gwaji wuri ɗaya, domin yau wannan likita za ki gani gobe wancan, kowa kuma ciwon ranar kawai yake gani, ke ce kaɗai kika ga jerin. Ki daina ɗiga mai ko ruwan ganye a kunnen da ke zuba, a kuma dakata da kai shi wurin wanzami, ko cire beli ko kaciya, sai likita ya duba shi. Sannan ki zauna da mahaifiyarki ko wata babba a danginku ta wajen uwa, ki tambaye ta mazan da suka rasu suna ƙanana, su nawa ne, suna da shekara nawa, wane irin ciwo ne. Tambaya ce mai tayar da tsohon miki, ki yi ta da lallashi. Abin da ta gaya miki ki rubuta shi a shafin farko na littafin, shi za ki fara nuna wa likita.